Tambaya da Amsa: Maganaɗisu, Na'urorin da Ba Su da Waya, da Lantarki Marar Turjiya

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taru ne a kan maganaɗisu, da binciken da ake yi a kan ƙarafan da ke amsa kiransa. Mun taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta injiniyancin lantarki. Malaminmu ya ce ana bincike a kan wasu na'urorin awo da ba su da waya, ba su da batir, waɗanda za a iya binnewa cikin kankare ko a saka a jikin mutum su ci gaba da ba da rahoto. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na'urar da ba ta da wuta, da me za ta yi magana? Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku bai yi ƙari ba, kuma mai yiwuwa kin taɓa riƙe irin wannan na'ura a hannunki ba tare da kin sani ba. Amma kafin mu kai gare ta, sai mun fara leƙa cikin ƙarfen kansa, domin duk amsoshin wannan shafi daga can suke fitowa.

Baƙin ƙarfe, da nikel, da kobalt, a cikinsu akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kuma a kowane yanki atam-atam ɗin da ke ciki sun fuskanci gefe guda, sun zama ɗan ƙaramin maganaɗisu. A ƙusa ta yau da kullum waɗannan yankuna sun juya wa juna baya, wannan ya dubi gabas wancan ya dubi yamma, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Idan aka kusanto da maganaɗisu, iyakokin da ke tsakaninsu sai su gusa, yankunan da suka dace da shi su faɗaɗa su cinye maƙwabtansu. Ƙarfen da iyakokinsa ke gusawa cikin sauƙi shi masana ke kira mai taushi, yana ɗaukar maganaɗisu nan take ya kuma sake shi nan take. Wanda iyakokinsa suka kafe shi ne mai tauri, kuma da shi ake yin maganaɗisu na dindindin. Kusan duk binciken da kika ji labari, ƙoƙari ne na mallakar waɗannan iyakoki: a sake su inda ake son su yi gudu, a ɗaure su inda ake son su tsaya.

A shekarar 1842 James Joule ya lura cewa sandar ƙarfe tana ɗan canja tsawo idan aka sa mata maganaɗisu, saboda juyawar yankunan nan tana jan atam-atam su sake zama. A 1865 kuma Emilio Villari, ɗan Italiya, ya nuna kishiyar haka, wato idan aka matsa ƙarfen ko aka ja shi, halin maganaɗisunsa yana sauyawa. Da waɗannan abubuwa biyu aka gina na'urar da kike tambaya.

Ki ɗauki ɗan farin tambarin roba da ake manna wa kaya a manyan shaguna don maganin ɓarayi. Idan kika tsaga shi za ki ga siraran ƙarafa masu ƙyalli, tsawonsu bai kai santimita 4 ba, kaurinsu kuma bai kai na gashin kai ba, suna kwance sakwa-sakwa a cikin ɗan akwatin, a ƙarƙashinsu akwai wani ƙarfe da aka riga aka sa wa maganaɗisu. Ginshiƙan da ke bakin ƙofa suna aiko da bugun maganaɗisu mai kaɗawa sau 58,000 a daƙiƙa, su yi shiru, su sake aikowa. Wannan adadi ya yi daidai da kaɗawar da siririn ƙarfen ya fi so bisa tsawonsa, sai ya shiga miƙewa da tsukewa, kuma ko da bugun ya tsaya yakan ci gaba da rawa na ɗan lokaci, yana fitar da nasa maganaɗisun. A cikin wannan shirun ne ginshiƙin yake saurare, in ya ji amsa ƙararrawa ta tashi. Mai karɓar kuɗi idan ya goga tambarin a kan teburinsa, maganaɗisun ƙarfen da ke ƙasa yake sharewa, sai rawar ta kauce daga inda ake saurare. To, kin ga wutar da na'urar ke magana da ita aro ce, mai tambaya ne ya ba ta.

Daga nan zuwa na'urar awo taki ɗaya ne. Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta ya gane ko ta tsage. Haka ake yi wa wannan ƙarfe. Idan wani abu ya manne masa ya ƙara masa nauyi, saurin kaɗawarsa yana raguwa. Idan ruwan da aka tsoma shi a ciki ya yi kauri, rawar tana saurin mutuwa. Zafi da matsi su ma suna gusar da amon. Saboda haka masu bincike suka yi amfani da shi wajen bin yadda jini ke daskarewa. A Jami'ar Auburn ta Amurka an shafe irin waɗannan ƙarafa da wasu ƙwayoyin da ke kama bakteriyar Salmonella, aka ɗora su a bayan tumatir da ƙwai, nauyin bakteriyar da aka kama ya bayyana a amon. A Jami'ar Michigan kuma an gwada haɗa su da bututun da likitoci ke sakawa a hanyar ruwan matsarmama, domin a gane daga waje idan bututun ya fara toshewa.

Shi kansa siririn ƙarfen abin mamaki ne. Ƙarfe na yau da kullum idan ya huce atam-atam ɗinsa suna jeruwa bisa tsari, kuma mahaɗan wannan jeri suna tare iyakokin yankunan. A 1960 Pol Duwez da abokan aikinsa a jami'ar Caltech ta Amurka suka nuna cewa idan aka sanyaya narkakken ƙarfe da gaggawa, kimanin digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa, atam-atam ba sa samun zarafin jeruwa, sai ya daskare a hargitse irin na gilashi. A yau ana kwarara narkakken haɗin ƙarfe da nikel da boron a kan wani sanyayyen gargare mai gudu, ya fito kamar zare mai faɗi, ana sayar da shi da sunan Metglas. Rashin tsarin nan ne ya ba shi taushin da ake buƙata.

A ganina, abin da ya hana waɗannan na'urori barin ɗakin gwaji da yawa abu uku ne, kuma a nan ɗalibi mai neman abin bincike zai sami aiki. Nisan da ake iya jin su gajere ne, domin ƙarfin maganaɗisu yana raguwa sosai da tazara, musamman idan na'urar ƙarama ce. Amo guda ne yake ɗauke da labarin zafi da nauyi da matsi gaba ɗaya, don haka sai an jera ƙarafa masu tsawo daban-daban, a bar wani ba shafi, kafin a rarrabe mene ne ya sauya. Sannan ƙarfe yana tsatsa a cikin jiki ko a jiƙaƙƙen kankare, rufin da za a yi masa kuma yana danne rawar da ake son ji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni bakanike ne mai gyaran injinan lantarki. Na san moto, na san kwayil da ke jan ƙarfe. Amma na ji ana cewa akwai ƙarfen da shi da kansa yake motsi ya tura abu, babu giya babu juyawa. Gaskiya ne, kuma yana da ƙarfin da zai yi wani aikin kirki?

AMSA: Barka kadai, Malam. Gaskiya ne, kuma kana jin muryar wannan motsi kullum a wurin aikinka. Gurnanin da taransifoma ke yi, mafi yawansa daga miƙewa da tsukewar ƙarfen cikinta ne. Idan wutar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen yana motsawa sau 100, domin a kowane zagaye maganaɗisun yana kai ƙololuwa sau biyu. A taransifoma wannan asara ce da ake ƙoƙarin ragewa, amma wasu suka ce bari a nemi ƙarfen da motsinsa ya fi haka girma a sa shi aiki.

A baƙin ƙarfe da nikel canjin tsawon ɗan mitsitsi ne, bai wuce 'yan gomomi cikin miliyan ba, duk da haka an yi amfani da nikel wajen aika sauti a ƙarƙashin teku tun zamanin yaƙin duniya na biyu. A shekarun 1970 wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka ya haɗa baƙin ƙarfe da wasu ƙarafa biyu, tarbiyam da disfirosiyam, aka sami Terfenol-D, wanda yake iya miƙewa har kusan kashi 2,000 cikin miliyan. Ma'ana, sanda mai tsawon santimita 10 za ta ƙaru da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Za ka ce wannan ai ba tafiya ba ce. Amma ka tuna abu ne daskararre yake turawa da dukan jikinsa, don haka ƙarfin turin yana da yawa ƙwarai, yana iya maimaitawa sau dubbai a daƙiƙa, kuma ana iya sarrafa shi daidai wa daida ta hanyar wutar da ake ba kwayil. Inda ake buƙatar gajeren motsi mai ƙarfi da sauri, kamar na'urar sauti ta jiragen ruwa, da kashe jijjigar injina, da saita kayan aiki masu tsananin daidaito, a nan yake da amfani. Aibinsa shi ne yana da gautsi, ba ya jure ja ko duka, kuma sinadaransa suna da wuyar samu. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 aka fito da Galfenol, haɗin ƙarfe da galiyam, wanda miƙewarsa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa cikin miliyan ba, amma ana iya yanka shi, a huda shi, a yi masa walda.

Akwai wani haɗin na nikel da manganis da galiyam da ya fi waɗannan tafiya nesa ba kusa ba. A 1996 Kari Ullakko da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa maganaɗisu yana sauya masa siffa, daga baya aka kai miƙewar zuwa kashi 6, har kusan kashi 10 cikin 100. A cikinsa ba yankunan maganaɗisu kaɗai ke juyawa ba, jerin atam-atam ɗin ne ke kifewa sashe bayan sashe. Sai dai turinsa ba shi da ƙarfi, kuma yana daina aiki idan zafi ya ɗan hau, don haka ya fi dacewa da ƙananan famfo da bawul. Ga kuma ruwan da Jacob Rabinow ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1940, mai ne da aka cika da garin ƙarfe, wanda yake yin kauri cikin ƙiftawar ido idan aka sa masa maganaɗisu. Tun 2002 ake saka shi a shokozoban wasu motoci.

Kada wannan ya sa ka raina moton da ka sani, domin babban sauyin da aka samu a cikinsa shi ma daga binciken ƙarfe ya zo. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa a Japan da John Croat a kamfanin General Motors, kowa a nasa ɓangaren, suka gano maganaɗisun niyodimiyam da ƙarfe da boron, wanda har yau babu na dindindin da ya fi shi ƙarfi a kasuwa. Shi ne a motocin lantarki da injinan iska da lasifikar waya. Rauninsa zafi ne: yana rasa maganaɗisunsa gaba ɗaya a wajen digiri 310 na Salshiyas, alhali baƙin ƙarfe sai ya kai 770, kuma tun kafin a kai nan yake fara sanyin jiki. Ana ƙara masa disfirosiyam don ya jure, kuma da yake mafi yawan sarrafa waɗannan ma'adanai a ƙasar Sin ake yi, ƙasashe da dama suna zuba kuɗi wajen neman yadda za a rage su ko a sami madadinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin kimiyya ne a sakandare. A littafi an ce sufakondakta, wato abin da ba ya yi wa lantarki turjiya, yana korar maganaɗisu, kuma maganaɗisu mai ƙarfi yana rushe wannan hali nasa. Amma kuma an ce da shi ake yin maganaɗisun MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda maganganun biyu za su zama gaskiya a lokaci guda, na yi musu alkawarin amsa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibanka sun sa yatsa a daidai wurin da ya tsayar da masana shekara hamsin, ka yaba musu.

A 1911 a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta ta ɓace ɗungurungum. Nan da nan ya yi tunanin naɗa waya irin wannan ya yi gagarumin maganaɗisu, amma ya tarar da ɗan ƙarfi kaɗan yana mayar da ita waya ta yau da kullum. Darma, alal misali, ba ta jure ko kashi ɗaya cikin goma na tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka nuna cewa irin waɗannan ƙarafa suna fitar da maganaɗisu daga cikinsu gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da littafinku ya faɗa, kuma daidai ne game da rukuni na farko, wato yawancin tsantsar ƙarafan da ke da wannan hali.

Akwai rukuni na biyu, galibi haɗe-haɗe, wanda Alexei Abrikosov ya bayyana halinsa a 1957, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2003. Shi wannan ba ya tsayawa kan korar maganaɗisu har ya karye. Idan ƙarfin ya wuce wani mataki, sai ya bar shi ya ratsa ta cikin wasu siraran hanyoyi masu yawan gaske, kowace lantarki na kewaya ta, sauran jikin kuma ya ci gaba da zama marar turjiya. Da wannan sassauci yake jure maganaɗisu mai ƙarfi. Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne labarin ya fi burge ni. Wutar da ke bin wayar tana tura waɗannan hanyoyi gefe, in kuwa suka motsa, zafi ya samu, turjiya ta dawo. Dole a kafe su. Abin da ke kafe su shi ne aibobin da ke cikin ƙarfen, wato ɓarɓashin wani sinadari, da mahaɗan jerin atam, da gurɓin da aka bari. Saboda haka masu yin wannan waya da gangan suke cusa mata aibi, suna ja suna gasawa har sai girman aibobin da tazararsu sun dace da hanyoyin. A tambayar farko mun ga an kawar da duk abin da zai tare iyakokin yankuna. A nan kuwa ana dasa abin tarewa.

A 1961 aka nuna a ɗakin binciken Bell cewa haɗin niyobiyam da kuza yana ɗaukar wuta mai yawa a cikin maganaɗisun da ya haura tesla 8, daga nan ƙofa ta buɗe. Yawancin na'urorin MRI suna aiki da wayar niyobiyam da taitaniyam a cikin ruwan hiliyam, a ƙarfin tesla 1.5 ko 3. Don ɗalibai su kwatanta, maganaɗisun duniyar nan tsakanin kashi 25 ne da 65 cikin miliyan na tesla ɗaya. Da zarar an cika naɗin da wuta aka haɗe bakinsa, wutar tana ta kewayawa shekara da shekaru muddin sanyin bai yanke ba. Babbar na'urar karo da ƙwayoyin atam ta cibiyar binciken Turai CERN, mai zagayen kilomita 27 a iyakar Faransa da Suwizalan, tana da manyan maganaɗisai 1,232 na wannan waya, an ƙera su don kimanin tesla 8, ana riƙe su a digiri 271 ƙasa da sifili. Haɗarin kuma na gaske ne: a watan Satumba na 2008 mahaɗar waya guda da ba ta yi kyau ba ta yi zafi, hiliyam ya ɓalle, na'urar ta tsaya fiye da shekara. A Japan jirgin ƙasa mai shawagi a kan irin wannan maganaɗisu ya yi gudun kilomita 603 a awa a watan Afrilu na 2015.

TAMBAYA: Malam, yaushe za a sami sufakondaktan da zai yi aiki ba tare da sanyaya shi ba? A 2023 na ga ana ta murna a intanet cewa an samu.

AMSA: Abin da ka gani shi ne LK-99, wanda wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka sanar a watan Yuli na 2023. Cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama suka haɗa shi, ba su sami abin da aka faɗa ba, aka kuma gano cewa faɗuwar turjiyar da aka gani ta fito ne daga gurɓacewar samfurin da wani haɗin jan ƙarfe da farar wuta. Alamu biyu ake nema tare, ɓacewar turjiya da korar maganaɗisu, kuma sai wasu daban sun maimaita. Ɗan tsinken da ya ɗaga gefe guda a kan maganaɗisu a bidiyo ba hujja ba ne.

Ci gaban da aka tabbatar ga shi. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich suka sami wannan hali a wani abu mai kama da tangaran, mai ɗauke da jan ƙarfe da iskar oksijin, a digiri 238 ƙasa da sifili. A 1987 aka sami ɗan'uwansa mai itiriyam da bariyam da ke aiki a digiri 180 ƙasa da sifili, wanda ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili ya isa ya sanyaya shi, shi kuwa ya fi hiliyam sauƙin samu ƙwarai. A 2008 Hideo Hosono a Japan ya same shi a haɗin da ke ɗauke da baƙin ƙarfe, abin da aka daɗe ana ɗauka da wuya, wannan ya ƙarfafa zaton cewa a wasu kayan motsin maganaɗisu na ciki yana da hannu wajen haifar da halin. A 2015 ƙungiyar Mikhail Eremets a Jamus ta kai digiri 70 ƙasa da sifili da haɗin haidurojin da farar wuta, sai dai a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau miliyan ɗaya da rabi, a kan ɗan ƙwayar samfur da aka matse tsakanin duwatsun daimon biyu.

Ni dai na fi sa ido kan na 1987. Tangaran ba ya lanƙwasuwa, an ɗauki shekaru ana koyon shimfiɗa shi siriri a kan zaren ƙarfe yadda jerinsa zai fuskanci gefe guda, a kuma dasa masa aibobin kafewa. A watan Satumba na 2021 MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka gwada babban naɗi na wannan zare ya kai tesla 20, a sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, da nufin riƙe iskar gas mai tsananin zafi a tukunyar haɗe ƙwayoyin atam don samar da makamashi. Na zafin ɗaki a matsin iska na yau da kullum kuwa, har yanzu babu wanda aka tabbatar.